Polly Hill da Amanar Naman Kumasi

Kowace safiya mata sukan je layin mahauta a kasuwannin Kumasi, ko a Kejetia, ko Asafo, ko Aboabo, su nuna tsokar da suke so, a yanka musu, su biya, su koma gida su ɗora tukunya. Da wuya a sami ko ɗaya daga cikinsu wadda ta ga saniyar da ranta. Ba su san garin da ta fito ba, ba su san ko lafiyayya ce sa'ad da aka kayar da ita ba, balle su san ko wanda ya kawo ta daga arewa ya sami kuɗinsa. Duk da haka suna saye, suna ciyar da 'ya'yansu. Kirista da Musulmi da mai bin addinin gargajiya, duk gaban teburi ɗaya suke tsayawa.

Ciniki irin wannan ba ya yiwuwa sai da amana, amana kuwa dole a sami mai riƙe da ita. Waɗansu sun ce gwamnati ce take riƙe da ita ta wurin dokokinta da ma'aikatanta. Waɗansu kuma sun ce 'yan kasuwa ne suke riƙe da abinsu tun kafin a san gwamnati, don haka a ƙyale su kawai. Tarihin wata Baturiya masaniyar tattalin arziki, mai suna Polly Hill, wadda ta yi aiki a Gana daga 1954 zuwa 1965, ta kuma shiga Zangon Kumasi ta yi tambaya a kan cinikin shanu, yana taimakawa a raba wannan gardama.

Asalinta da karatunta

An haifi Polly Hill a birnin Kambirij na Ingila a 1914, a gidan masu ilimi. Mahaifinta, A. V. Hill, shi ne ya sami lambar Nobel ta 1922 saboda bincikensa a kan yadda tsokar jiki take aiki. Mahaifiyarta, Margaret, ƙanwar John Maynard Keynes ce, wato mashahurin masanin tattalin arzikin nan wanda ya koyar cewa idan kasuwa ta tsaya, mutane suka rasa aikin yi, wajibi ne gwamnati ta sa hannu ta kashe kuɗi domin al'amura su motsa. A 1936, shekarar da kawun nata ya buga babban littafinsa, ita ma ta gama karatun tattalin arziki a Kwalejin Newnham ta Kambirij. A lokacin jami'ar ba ta ba mata cikakken digiri kamar maza, sai a 1948 aka fara.

Littafinta na fari ya fito a 1940, a kan irin taimakon da gwamnatin Ingila take ba marasa aikin yi. Daga wannan shekara har zuwa 1951 ta yi aikin gwamnati a Baitulmali, da Ma'aikatar Ciniki, da Ofishin Ƙasashen Mulkin Mallaka. Zamanin yaƙin duniya na biyu ne da abin da ya biyo bayansa, sa'ad da gwamnatin Ingila take auna wa kowane gida naman da zai saya da sukari da man shanu. Ba a daina rabon nama a can ba sai 1954. Saboda haka ta ga yadda ake tsara doka daga cikin ofis, ta kuma ga yadda ake tara lissafin da dokar take dogara a kai. A 1951 ta bar aikin gwamnati ta shiga aikin jarida da wata mujallar mako-mako ta Landan mai suna West Africa. Wannan aiki ne ya fara kawo ta Gold Coast, wato Gana ta yau. A 1954 Kwalejin Jami'a ta ƙasar, wadda daga baya ta zama Jami'ar Gana da ke Legon, ta ɗauke ta aikin bincike.

Darasin da koko ya koya mata

Aikinta na fari a kan manoman koko ne. Kokon da ake nufi a nan shi ne itacen da ake yin cakulan da 'ya'yansa, wanda shi ne dukiyar ƙasar. Tun 1911 Gold Coast ta wuce kowace ƙasa a duniya wajen sayar da koko. Amma abin da aka rubuta a rahotannin hukuma shi ne cewa ƙananan manoma ne marasa dabara suka dasa shi a 'yan filayen gado kusa da ƙauyukansu. Bisa ga wannan zato aka yi ta kafa dokoki. A 1946 aka tilasta sare itatuwan da cutar kumburin reshe ta kama, abin da ya fusata manoma ƙwarai, ya kuma shiga cikin dalilan tarzomar 1948. A 1947 aka kafa hukumar da ita kaɗai take da ikon sayar da koko a ƙasashen waje, ita ce kuma take yanka wa manomi farashi.

Domin a biya diyyar itatuwan da aka sare, ma'aikatan gona sun zana taswirar gonaki. Da Polly Hill ta duba taswirorin nan, sai ta ga gonaki da yawa dogaye ne sirara, jere da juna kamar sawayen saƙa. Ta bi su da ƙafa, tana tambayar masu su yadda aka yi suka zama haka. Amsar da ta samu ta rushe tsohon zato. Tun daga shekarun 1890 mutanen tuddan Akwapim, da Krobo, da maƙwabtansu, suka riƙa ƙaura zuwa kurmin Akim Abuakwa suna sayen ƙasa daga hannun sarakuna. Waɗansu sukan haɗa kuɗi su sayi babban yanki, sa'an nan su raba shi a tsaye, kowa ya sami faɗi gwargwadon abin da ya zuba. Ribar gonar fari sukan sayi ta biyu da ita. Sun ɗauki 'yan ƙodago, har sun biya 'yan kwangila da kuɗin aljihunsu aka yi musu hanyoyi da gadoji a kan kogin Densu. Ta bayyana wannan duka a littafinta na 1963 a kan manoman koko masu ƙaura na kudancin Gana.

Abin da ta riƙe daga nan har ƙarshen ranta shi ne, gani ya kori ji. Hukuma ta shekara da shekaru tana yi wa manoman nan doka alhali ba ta san ko su wane ne ba, ko da yake taswirar gonakinsu tana ajiye a ofishinta.

Zangon Kumasi da hanyar shanu

Kuɗin koko ya sa mutanen kudu suka sami halin cin nama. Amma shanu ba sa yaɗuwa a kurmi, gama ƙudan tsando yana sa musu sammore. Saboda haka naman Kumasi daga arewa yake fitowa: daga arewacin Gana, da Mali, da Nijar, da ƙasar Mosi wadda ake kira Burkina Faso tun 1984. A dā da ƙafa ake koro su, su bi ta Tamale, su haye kogin Volta a Yeji, su ratsa Prang da Atebubu da Ejura da Mampong kafin su iso Kumasi. Tafiyar makonni ce, shanu kuwa suna ramewa a hanya. Wanda ya iso da garkensa ba shi da halin jira, gama kowace rana a kurmi hasara ce.

Hanyar nan ba sabuwa ba ce ga Hausawa. Fataken Kano da Katsina sun daɗe suna zuwa Gwanja sayen goro, babbar kasuwarsu kuwa ita ce Salaga. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 fatake suka watsu. Da Turawan Ingila suka kama Kumasi a 1896, suka kuma murƙushe yaƙin Yaa Asantewaa a 1900, sai hanyar shiga birnin ta buɗe ga baƙi. Jirgin ƙasa daga Sekondi ya iso a 1903. Zango ya cika da Hausawa, da Mosawa, da Dagombawa, da Yarbawa, da Zabarmawa, da Filani, Hausa kuwa ta zama harshen da ya haɗa su. Fawa da dillancin shanu suka zama sana'ar mutanen Zango, har ya kasance yawancin naman da Asante suke ci Musulmi ne suka yanka shi.

Mutanen Zango sun ɗanɗana dokar lafiya tun da wuri. A 1924 annobar da ɓeraye suke yaɗawa ta faɗa wa Kumasi, ta yi ɓarna a Zango. Hukuma ta rushe gidaje, ta shata sabon Zango, a 1925 kuma ta kafa hukumar kula da lafiyar birnin. Duba-gari, waɗanda mutanen Gana suke kira tankas, suka riƙa shiga gidaje da kasuwa da mayanka suna cin tara. Tun daga nan talaka ya san ma'aikacin lafiya da fuska biyu: mai kāre shi daga cuta, da mai karɓe masa kuɗi.

Mai gida da dillali

A shekarunta na ƙarshe a Gana, Polly Hill ta juya ga cinikin dabbobi. Ta bincika masu shanu a filayen da suke kewaye da Akra, birnin da mutanen Zango suke kira Ankara, inda Filani suke kiwo wa masu dukiya, madara kuwa ita ce ladansu. Ta bincika fataucin shanu a arewacin Gana. Ta kuma zo Kumasi. Abin da ta gano a nan ta buga shi a 1966 cikin wata mujallar nazarin Afirka ta Faris, a kan masu gida da dillalai, ta ƙara ɗan bayani a kan mahautan Kumasi a ƙarshensa.

Ga yadda tsarin yake. Baƙo ya iso da shanu daga Mali ko ƙasar Mosi. Ba ya jin harshen Asante, bai san kowa ba, bai san farashin ranar ba. Sai ya sauka wurin mai gida, wato wani zaunannen ɗan Zango wanda yake saukar da fatake. Mai gida ya ba shi ɗaki da abinci, ya sa a lura da shanunsa, ya ajiye masa kuɗinsa. A kara, wato kasuwar shanu, dillalin mai gida ne yake tsayawa tsakanin baƙo da mahauci, ya yi tafinta, ya daidaita ciniki, a ba da la'ada. Da ɗan gari akan ci gari.

Amma babban aikin mai gida shi ne tsayawa a kan bashi. Mahauci ba shi da jarin da zai biya kuɗin sa nan take. Sai ya karɓa bashi, ya yanka, ya sayar, sa'an nan ya biya bayan kwanaki. Baƙo ba shi da hanyar sanin mahaucin da yake cika alkawari da wanda ba ya cikawa. Mai gida ne ya sani, gama kullum yana kara, ya san wanda kasuwarsa take tafiya da wanda bashi ya yi masa katutu. Idan ya yarda a ba wane sa, to, wuyansa ne ya ɗauka. Mahaucin da ya ci amana ba zai ƙara samun dabba ba. Mai gidan da ya bar kuɗin baƙonsa ya salwanta, labari zai riga shi isa arewa, baɗi kuwa fatake za su sauka a gidan wani. Idan rigima ta taso tsakanin mahauta, akwai sarkin fawa. Dukiya mai yawa ta riƙa wucewa daga hannu zuwa hannu ba takarda, ba lauya, ba banki. Wani masani, Abner Cohen, ya sami irin wannan tsari a Sabo ta Ibadan, tsakanin Hausawa masu gida da mahauta Yarbawa, ya kuma rubuta shi a 1965.

Mutanen ofis da yawa a lokacin suna ganin mai gida da dillali 'yan cin banza ne, masu tsayawa a tsakiya suna ƙara wa nama tsada. Bincikenta ya nuna akwai kaya mai nauyi a kansu, wanda in aka kawar da su dole a sami wani ya ɗauka. A wannan shekara ta 1966 ta buga wata maƙala tana roƙon masana su yi nazarin tattalin arzikin 'yan ƙasa yadda yake a zahiri, kafin su ba gwamnati shawara a kansa.

Daga Kumasi zuwa Batagarawa

Ta bar Gana a 1965 ta koma Kambirij, amma ba ta rabu da Hausawa ba. A 1967 ta zauna a Batagarawa, kusa da birnin Katsina. A can ma ta tarar da abin da ba ya cikin rahoton hukuma. Manoman ƙauye ba ɗaya suke ba. Ta kasa su kashi huɗu bisa ga ƙarfinsu. Mai hali yakan ajiye hatsinsa a rumbu har ya yi tsada. Marar hali yakan sayar da kaka sa'ad da hatsi yake da araha, da damina kuma ya koma ƙodago a gonar wani domin ya sayi abin da za a ci, tasa gonar kuwa ta zauna ba noma. Ta kuma nuna cewa matan kulle suna tafiyar da babban ciniki na hatsi da dafaffen abinci daga cikin gidajensu, yara suna kai da kawowa. Ma'aikacin da ya tsaya a kasuwa yana ƙidaya ba zai taɓa ganin wannan ciniki ba. Littafinta Rural Hausa ya fito a 1972. Ta kuma yi aiki a Dorayi kusa da Kano, sa'an nan a kudancin Indiya. A 1986 ta buga littafin da ta gurfanar da ilimin raya ƙasa gaban shari'a, tana cewa yawancin lissafin da gwamnatoci suke bugawa a kan amfanin gona a ƙasashe masu zafi ba abin dogara ba ne.

Inda hannun gwamnati ya yi ɓarna

Abin da ya faru da cinikin shanu a Gana ya gaskata tsoronta. Tun 1961 gwamnatin Kwame Nkrumah ta kafa dokar hana fitar da kuɗi daga ƙasar sai da izini. Bafataken da ya sayar da shanunsa a Kumasi sai ya rasa yadda zai mai da kuɗinsa sefa ya koma gida. Gwamnatin ta gina masana'antar naman gwangwani a Zuarungu kusa da Bolgatanga, amma masana'antar ta yi ta fama da ƙarancin shanu, har aka rufe ta a shekarun 1990.

Babban bugu ya zo ran 18 ga Nuwamba 1969, sa'ad da gwamnatin Kofi Busia ta ba da umarni cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya bar ƙasar cikin kwana 14. Mutane fiye da 100,000 suka fita, da yawa daga cikinsu a Gana aka haife su. Gidaje a Zango suka zama kango. A 1970 wata doka ta keɓe ƙananan cinikin kasuwa ga 'yan ƙasa kaɗai. Waɗanda suka tafi sun tafi da abin da ba a iya rubutawa a takarda, wato sanin wane ne za a ba bashi, da kuma yardar fataken arewa. A shekarun 1970 gwamnatin soja ta kafa hukuma tata domin ta riƙa shigo da shanu, amma hukuma ba ta saukar da baƙo a ɗakinta, ba ta kuma jin kunyar jinkirta biya. Fatake da yawa suka juya da garkunansu zuwa Abijan, inda ake biya da sefa. Nama ya yi wuya a Gana.

Da kaya suka yi ƙaranci, sai aka ɗora laifin a kan 'yan kasuwa. A 1979 sojoji suka riƙa yi wa mata bulala a kasuwanni saboda sun sayar fiye da farashin hukuma, a watan Agusta kuma aka rushe kasuwar Makola ta Akra. Abinci bai yi araha ba, ɓuya ya yi. Sai daga 1983, da aka canza tsarin tattalin arzikin ƙasar, aka fara sassauta dokokin farashi.

Abin da amanar kasuwa ba ta gani

Mai karatu kada ya ɗauka cewa ƙarshen magana ke nan, wato a kori gwamnati daga kasuwa. Polly Hill ba likitar dabbobi ba ce, abin da ta bincika shi ne bashi da ciniki. Tsarin mai gida yana kāre bafatake daga mahauci mai cin amana. Ba ya kāre yaron da zai ci naman daga ƙwayar cuta. Mai gida yana iya sanin halin kowane mahauci a Kumasi, amma ba ya ganin tarin fuka a huhun saniya, ko ƙwan tsila a cikin tsoka.

A wannan fanni aikin hukuma ya yi amfani wanda ba mai musu. Bushiya ta karkashe shanun Afirka a farkon shekarun 1890, ta kuma riƙa komowa. A wajen 1930 aka kafa cibiyar likitocin dabbobi a Pong-Tamale, aka shiga yi wa shanu rigakafi, aka kuma riƙa tsare garkunan da suka shigo daga ƙasashen da Faransa take mulka a kan iyaka har a tabbatar da lafiyarsu. A 1961 Gana ta yi dokar cututtukan dabbobi. Daga 1962 ƙasashen Afirka suka haɗa kai suka yi gangamin allura. A 2011 aka sanar cewa bushiya ta ƙare a duniya, ita ce cuta ta biyu da ɗan Adam ya kawar bayan agana. Babu mai gida ko sarkin fawa da zai iya wannan shi kaɗai.

Addini ma ya daɗe da kafa shinge. Musulunci ya haramta mushe. Littafin Firistoci ya hana Isra'ilawa cin dabbar da ta mutu da kanta, shi ne kuma ya umarce su su riƙe ma'auni na gaskiya. Shingen nan ya ceci rayuka masu yawa. Amma akwai ƙofa a jikinsa. Idan saniya ta faɗi da ciwo, mai ita ya ga dukiyarsa za ta salwanta, sai ya yi maza ya sa wuƙa kafin ta cika. Ga shari'a yankakkiya ce, ba mushe ba. Idan kuwa ciwon saifa ne ya kayar da ita, to, mai fiɗa da mai dafawa da mai ci duk suna cikin hatsari. A watan Yuni na 2023 ciwon saifa ya ɓulla a gundumar Binduri ta arewa maso gabashin Gana, ya kashe dabbobi, ya kama mutane, har an rasa rai. Hukumar yankin ta hana yanka da sayarwa da zirga-zirgar shanu da tumaki da awaki, ana dab da Babbar Salla. Mahauta sun sha wuya, amma ba wata hanyar da za a bi a tsai da cutar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2015 cewa a kowace shekara mutum miliyan 91 suke kamuwa da ciwo a Afirka saboda gurɓataccen abinci, 137,000 kuwa suna mutuwa.

Gana ta yi dokar abinci da magunguna a 1992, ta kafa hukumar da za ta tsare dokar a 1997, a 2012 kuma dokar lafiyar jama'a ta ƙara wa hukumar iko. A ƙarshen shekarun 1990 aka buɗe sabuwar mayanka a Kaase, a kudancin Kumasi, da taimakon ƙasar Kanada, inda ake duba dabba kafin yanka, a kuma duba naman bayan fiɗa. Abin lura shi ne an sa ƙungiyar mahauta cikin masu hannun jari a kamfanin. Wannan ya fi kusa da abin da binciken Polly Hill ya nuna, wato a yi aiki tare da masu sana'a maimakon a ture su.

Duk da haka doka a takarda ba ta gama aiki ba. Shekara da shekaru hukumomin lafiya a Gana suna gargaɗi a kan babbaka ganda da awaki da tsofaffin tayoyin mota, gama hayaƙin taya yana barin guba a jikin fata. Gargaɗin gaskiya ne. Amma mai babbaka ya zaɓi taya ne domin ta fi itace da gas araha, wutarta kuma tana da ƙarfi. Muddin ba a zauna da shi an lissafta abin da gas zai ci daga ribarsa ta yini ba, zai bar tayar ranar da ma'aikaci ya zo, ya koma mata kashegari. Haka kuma mai saniyar da ta faɗi: idan ya san kai rahoto yana nufin a binne dukiyarsa ba ko sisi, da wuya ya kai rahoton. Irin tambayoyin da Polly Hill ta riƙa yi ke nan. Nawa ka saya? Wa ya ba ka bashi? Yaushe za ka biya? In ka yi hasara, wa zai ɗauka? Likita ne ya san ƙwayar cuta, amma sai an amsa waɗannan tambayoyi dokarsa take zama a kasuwa.

Polly Hill ta rasu a watan Agusta na 2005, tana da shekara 91. Ba ta riƙe wani babban muƙami a gwamnati ba, ba ta kuma rubuta wa Gana doka ko ɗaya ba. Abin da ta bari shi ne shaida cewa manomin koko, da mai gidan Zango, da matar kulle ta Batagarawa, masu hankali ne waɗanda suka san sana'arsu, ya kuma kamata mai mulki ya tambaye su kafin ya yi musu hukunci.

Yanzu shanu a manyan motoci suke isowa Kumasi, tafiyar makonni ta koma ta kwana ɗaya ko biyu. Amma matar da ta tsaya gaban teburin mahauci tana dogara ga abu biyu, ko ta sani ko ba ta sani ba. Ɗaya shi ne ma'aikacin da ya duba huhu da hanta a mayanka, wanda ya kamata ya ƙi karɓar toshiya ya bar rubabben nama ya wuce. Ɗayan kuma shi ne mahaucin da ta saba da shi shekara da shekaru, wanda zai ji kunyar haɗa ido da ita gobe in ya cuce ta yau. Tarihin Kumasi ya nuna abin da yakan faru in aka rasa ɗaya daga cikinsu. A 1969 an kori masu riƙe da amanar kasuwa, nama ya yi wuya. Inda kuma ba mai duba dabba, ciwon saifa yakan shiga tukunya. Ma'aikaci da mahauci kowannensu an danƙa masa ran maƙwabcinsa, kowannensu kuma zai ba da lissafin abin da aka danƙa masa a gaban Allah.